Nurmat Halmirzayef da Kakar Auduga

Haihuwa da Karatu

An haifi Nurmat a shekarar 1921 a garin Kizilbulak cikin kwarin Fargana. Mahaifinsa Halmirza maginin tukwane ne, mahaifiyarsa kuwa Ayimhan, mai kiwon tsutsar siliki. Nurmat ya tafi yaƙi a 1941, ya komo da ɗingishi, sannan ya nazarci lissafi a Tashkent. Marubucin wannan tarihi, wanda marigayin ya kayar sau biyu a jarrabawa, ya shaida cewa ya nazarce shi da kyau.

Kafa Jami'a

A 1958 hukuma ta ɗora masa alhakin kafa jami'ar Kizilbulak a wani tsohon rumbun auduga, da malamai kaɗan da allo na aro. Darasi bai yi nisa ba kaka ta kama, motocin gunduma suka kwashe ɗalibai kaf zuwa tsinkar auduga, ba su dawo ba sai da ƙanƙara ta sauka. Daga nan burinsa ya zama ɗaya: ɗalibansa su yi shekara guda cikakkiya a aji.

Ya kai kuka gun sakataren jam'iyya na gunduma, wanda ya zuba masa shayi ya ce, “Haba Malam, lissafin nan ruwa na ɓata shi ne? Audugata fa yana ɓata ta.”

Nurmat ya ce, “Kwamared, to su wa za su lissafa maka ita?”

“Bar mini wannan. Adadin tun bazara yake zuwa daga sama.”

Aure da Iyali

Ya auri Mahbuba, ungozoma, a 1950. Ita ke ɗaure masa gurasa duk kaka idan zai bi ɗalibai gona da allonsa a ka, tana cewa, “Baban Dauran, ka gaida auduga, ita ce dai ɗalibarka mai zuwa aji.”

Ƙarshen Rayuwa

Bai gushe ba yana naci har 1979, lokacin da aka yi masa alkawari a taron bankwanarsa cewa za a keɓe 'yan ajin ƙarshe daga tsinkar auduga. Ya yi murabus yana mai godiya, ya koma renon inabi.

Allah ya yi masa rasuwa a Oktoban 1983, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar 'ya'ya uku: Gulcehra likita, Sanjar injiniya, da Dauran, shugaban sashen lissafi na jami'ar. Dauran bai samu jana'izar ba. Yana gonar auduga da 'yan ajin ƙarshe.