Duniyar da Muka Zana a Kan Ƙyaure

Ranar Asabar ɗin da aka rantsar da gwamnatin farar hula a 1999, ina tsugune a ƙofar gidanmu a Zurgu ina ɓarar gyaɗar iri. Ruwan farko ya jiƙa ƙasa, rediyon kakana tana ta kiɗan badujala. Sai na ji Malam, haka muke kiran kakan nawa, ya ce wa maƙwabcinsa, "To, sojoji dai sun tafi, sai Allah ya kyauta." Ni da hankalin ɗan firamare na ɗauka ƙasar suka bari gaba ɗaya, ba sauran mai tsaron kowa.

Daga wannan tsoron wasanmu ya samo asali. A bayan rumbu akwai wani tsohon ƙyaure da gara ta fara ci. Muka ɗora shi a kan duwatsu, na sa gawayi na zana duwatsun Rano, da hanyar Kibiya, da rijiya ɗaya tak da ba ta ƙafe ba. A duniyar tamu sojoji sun janye sun bar motocinsu ba mai, kasuwanni sun watse, kuraye na yawo a cikin gari. Ni ne mai ba da labari. Abokina Habu ya zama maƙeri, ƙanwarsa Jummai mai magani, Buba kuwa, ɗan rugar da ke bayan gonarmu, ya ce shi makiyayi ne mai saniya ɗaya da ta rage a duniya. Kowa da tsakuwarsa a kan ƙyauren. In na ce, "Ga hayaƙi can yana tashi daga wani kango, me za ku yi?" sai su haɗa kai su yi shawara, a jefa ɗan ludo, shi zai nuna ko an dace. Da aka ƙaddamar da shari'a, Malam ya ce kada ya ƙara ganin ɗan ludon nan, ya yi kama da caca. Muka koma watsa ɓawon gyaɗa, muna duba waɗanda suka kife.

Bayan la'asar muke haɗuwa, in an gama yankan ciyawar awaki da ɗiban ruwa. Jummai kan yi surfe cikin gaggawa har innarta ta yi mata faɗa, Buba kuma ya sha dukan babansa saboda barin maruƙa a hannun ƙaninsa, amma washegari sai ga shi yana haki. Haka muka ci damina muka ci rani.

A cikin wasan sun iso wata karyayyiyar gada ke nan, kogi ya cika, hatsin irin da suke nema yana tsallake, sai sakamakon jarrabawa ya fito. Ni kaɗai aka ɗauka makarantar kwana. Ana haɗa mini akwatin ƙarfe da gari da ƙuli-ƙuli Jummai ta leƙo ta ce, "Yaya, ka haye da mu mana kafin ka tafi." Na ce mata in na dawo hutu, kuma har zuciyata haka nake nufi. A makaranta, ko a aji ko a layin abinci, sai in tuna na bar mutum uku a bakin ruwa, su kuwa suna can suna noma, in ji abincin ya fita kaina.

Da na dawo, inda rugar take har an yi kunyoyi. Burtalin shanu ya zama gona, su Buba sun yi kudu da shanunsu, ba wanda ya san inda suka sauka. Habu ya ce, "Mun gwada ba kai, faɗa muka yi ta yi. Ai kai ka tafi da duniyar a kanka." Jummai ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini wata farar tsakuwa. Ta ce, "Ta Buba ce. Ya ce a haye masa da saniyarsa." Na karɓa na sa a aljihu. Ba mu sake yin wasan ba, don ba wanda ya yarda ya zauna a wurin Buba.

Yau 'ya'yana ma suna wasan duniyar da ta rushe, amma a waya, kowa a kusurwarsa. In an kira ɗayansu sai ya danna ya ajiye, gobe ya tarar da komai yadda ya bari. Nakan tsaya in kalle su. Mu namu wasan da mutane aka yi shi, su kuwa mutane ba sa tsayawa inda ka bar su.