Boeta Sedick, Mai Gyaran Ƙananan Jiragenmu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu na 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran Boeta Sedick Kamaldien, wato Yaya Sedick a bakinmu, a gidansa da ke unguwar Salt River, bayan jinyar wata biyu. Shekarunsa saba'in da takwas. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a maƙabartar Mowbray, ana yayyafin nan na farkon sanyi wanda ba ya jiƙa mutum sosai kuma ba ya barinsa ya bushe.

Boeta, na gaji. Na gaji da rakiyar abokai zuwa maƙabarta, na gaji da hawan matakalar ɗakin ƙungiyarmu da gwiwoyin nan nawa. Amma dole in rubuta wannan, domin akwai abin da ka yi mana wanda ba mu sani ba sai da ka tafi.

Shekara talatin da huɗu ka yi kana gyaran manyan jiragen ƙasa a ma'aikatar Salt River, ka dawo gida kuma ka zauna gyaran ƙanana, waɗanda ake ɗauka a tafin hannu. Kai ka kafa mana ƙungiya a saman tsohon shagon ɗinki, inda muka shimfiɗa layin dogo a kan katako, da tashoshi da gada da duwatsun takarda. Duk Asabar nan muke, da shayi da koesister, soyayyen fanken nan mai zaƙi da matarka Tietie Rugaya, wato Yaya Rugaya, take aiko mana. Mutane suna cewa tsofaffi ne masu wasan yara. To, su faɗa. Mu goma sha ɗaya muka rage har da kai, kuma bakwai daga cikinmu ba su da wani wurin da ake jiran zuwansu in ba can ba.

Kamfanin da ke ƙera mana jiragen yana can Turai. Ba zan kama sunansa ba, ba don tsoro ba, sai don na san ba za ka so ba. Kai ne wakilinsa a nan tun muna da baƙin gashi. A lokacin littafin tallansu na shekara yakan zo da shafi goma sha biyu na jiragen ƙasarmu zalla, da launinmu da lambobinmu, kaya kuma sau biyu a shekara suke isowa tashar ruwa. Sannu a hankali suka fara janye jiki. Shafi goma sha biyu ya koma huɗu, huɗu ya koma wata 'yar kusurwa a bayan littafi. Wata shekara suka ɗauko kan jirgin ƙasarsu suka shafa masa fentinmu suka aiko, sai ka ce ba mu iya ƙirga ƙafafu ba. Ka rubuta musu wasiƙa mai ladabi, suka yi kunnen uwar shegu da ita.

A kan wannan muka fi yin faɗa da kai. Na ce maka an yi mana sakiyar da ba ruwa, ka sauke allonsu daga ƙofarka. Ka ɗago kai daga abin da kake kwancewa ka ce, "Moegsien, kai dai bakinka ba ya hutawa. Mutanen nan kasuwa ce ta yi musu nauyi. Za su dawo." Na ce, "Boeta, wanda zai dawo yakan bar ko da takalmi ne." Ka yi dariya ka ce in miƙo maka ƙaramin sukurdireba, in daina wa'azi ba alwala.

Tsoronmu ɗaya ne, kuma kowa ya san shi. Ƙaramin kan jirgi da ɗan injin lantarkin da ke cikinsa yake tafiya, injin kuwa yana ƙonewa, haƙoran giyarsa suna cinyewa. Ranar da safaya, wato kayan gyara, ta daina zuwa, ranar jirage za su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, tsoho kuma in jirginsa ya mutu ba ya sake hawo matakala don ya kalli na wani. Mun ga yadda ƙungiyoyi biyu suka watse haka a wasu garuruwa.

Amma mu namu ba su mutu ba. Duk wanda jirginsa ya tsaya, kai zai miƙa wa. Bayan mako biyu ko uku ka dawo da shi a naɗe cikin tsumma, ka ce, "Safaya ta iso." Haka ka yi wa Oom Dirkie Lategan, wato Kawu Dirkie, tsohon direban da hannunsa ke rawa, shekarar da matarsa ta rasu ya ce shi ya gama da komai. Ka ɗora masa jirginsa a kan layi yana tafiya sumul, ya zauna yana kallo har shayinsa ya huce, kuma bai sake fashin Asabar ba. Nawa ma, shuɗin nan da na saya a 1987, sau biyu ka tashe shi. A karo na biyu har na ce maka na ɗauki alhakin kamfani, ashe ba su manta da mu ba. Kai dai ka ci gaba da goge layi.

Muna da al'ada: in ɗayanmu ya rasu, Asabar ta farko akan tsayar da duk jirage, a ɗora kan jirgin mamacin ya zaga layin sau ɗaya shi kaɗai, muna tsaye. Tietie Rugaya da kanta ta kawo naka, akwati goma sha tara, ta ce mu zaɓa. Oom Dirkie ya ciro baƙin nan na kwal da ka fi so. Yana ɗaga shi na ga fuskarsa ta canza, domin mai wannan harka da hannu yake sanin nauyi. Ya ɗora shi, na murɗa wuta. Shiru. Muka gwada na biyu da na uku. Da muka kwance murfin, babu inji a ciki, sai 'yar takarda a nannaɗe da rubutunka, irin alamar da kuke ɗaura wa ƙarfe a ma'aikata: sunan wanda aka ba injin, da ranar. Duk goma sha taran haka suke. Na ga sunana a biyu.

Tietie Rugaya ta ce, "Shekara tara ke nan rabon da ko ƙusa ta zo daga wajen mutanen nan. Ya hana ni faɗa. Ya ce in kun ji, za ku tattara ku koma gida ku zauna."

Wallahi Boeta, na ji haushinka, na ji kunyar kaina. Shekara tara kana zuwa da hannu wofi kana cewa yau ka fi son tsayawa wajen sigina, mu kuma ko sau ɗaya ba mu tambayi ina jiragenka ba. Oom Dirkie ya ce a cire injin nasa a mayar maka. Na ce ai mu duka babu wanda ya iya, in muka kwance ba za mu iya ɗaurawa ba. Sai muka karya al'ada. Muka jona shuɗin nawa a bayan baƙin naka, ya tura shi a hankali, ta gada, ta tasha, har ya dawo inda ya tashi. Babu wanda ya iya duban ɗan'uwansa.

Yanzu safayar ta ƙare da gaske, mai gyaran ma ya tafi. Makullin ɗakin yana hannuna, zan riƙa buɗewa har ranar da jirgi na ƙarshe ya tsaya.

Allah ya jiƙanka, Boeta Sedick. Allah ya yafe maka kurakuranka, har da wannan ƙaryar da ka yi mana don mu ci gaba da fitowa, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Tietie Rugaya, da 'ya'yanka Nazeem da Wardah, da jikoki. Allah ya ba ku haƙuri. Mu goman da muka rage, waɗanda jiragenmu ke tafiya da abin da ka cire daga naka, Allah ya kyautata namu ƙarshen.