Baitin farko na Inna Talle

Ban manta da ranar da aka kawo Inna Talle situdiyonmu ba. Wata Laraba ce cikin damina, ina sabuwar 'yar koyo wurin Oga Sadi a Kurmin Mashi. Situdiyon ɗaki ne a gidansa, an lulluɓe bangon da katifu da barguna. Shi ne mai ɗaukar murya, ni kuwa nawa shara, naɗe waya da danna kwamfuta.

Ga wanda bai san aikin ba: abin da makirfo ke kamawa ba shi da ƙarfi, sai an bi da shi ta wani ɗan akwati, firi'am, mai maɓallin da ake murɗawa, muna ce masa gen. In an rage shi da yawa, murya ta nutse cikin shuu. In an ƙure shi, fitila ta yi ja, murya ta fashe, fasasshiyar murya kuwa ba ta gyaruwa. Shi ya sa ake sa mutum ya gwada kafin a fara. Kuma a dokar Oga, ɗan koyo ba ya taɓa gen.

Anti Rabi, 'yar farin Inna, tana aiki a wani ofis a Doka. Washegari za a kwantar da tsohuwar a asibiti, shi ne Anti Rabi take son a ɗauki waƙar dakan Inna. Ta bar ta a hannun mijinta Alhaji Mudi, surukin Inna, ta koma ofis.

Oga ya ce Inna ta gwada. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta yi ƙus-ƙus, Alhaji kuma ya kafa ido a ƙasa. Oga ya yi ta murɗa gen har koriyar fitila ta motsa, ya raɗa mini cewa murya ta tsufa. Aka kira azahar. Oga ya ce in danna ɗauka, kada in taɓa komai, suka fita shi da Alhaji.

Na sa hedifon a kunne. Ban taɓa jin duniya haka ba. Ina jin numfashinta kamar iska cikin kara, da gogar awarwaronta, da ɗigar ruwa daga indararo, har da takun tattabaru a kan kwano. Sai na ga kamar ɗakin yana lilo da ni, ban san ko a farke nake ba.

"Sun tafi, jikata?"

Na ce sun tafi.

"Yo wa ke waƙa gaban suruki?"

Ta yar da mayafin, ta buga tafi a cinya kamar taɓarya, ta buɗe baki. Wallahi ban san daga ina muryar nan ta fito ba. Fitila ta yi ja wur, kunnena ya ɗauki ƙara, na fizge hedifon gefe guda. Da kunnen nan na ji ta a fili, wata budurwa ce ke daka a tsakar gida, ba tsohuwar da aka riƙo ba. In na tsayar da ita, na san ba za ta sake ba. In na taɓa gen, a bakin aikina ne. Na daskare har baitin farko ya wuce, sannan na miƙa hannu na murɗa gen baya. Kore ya dawo. Ta kai ƙarshe, ta rangaɗa guɗa, tari ya sarƙe ta.

Da Oga ya dawo na faɗa masa ina jiran kora. Ya saurara, sannan ya ce, "Kunya na auna, na ɗauka murya ce." Ya roƙi Inna ta maimaita farkon. Ta ce ina ya taɓa ganin an mai da gari cikin turmi.

Inna ba ta fito daga asibitin ba. Bayan sadakar bakwai Anti Rabi ta zo karɓa. Aka kunna mata, farkon kamar ana yaga kwano. Ta ce sauran baitocin duk ta san su tun tana yarinya, wannan ne ba ta sani ba. Ni kaɗai na ji shi. Ta juyo ta tambaye ni me Inna ta ce.

Na ce mata sunanta ne: Rabi tawa, Rabi farin gani, tana ta maimaitawa.

Ta dafa bango ta zauna a ƙasa. Ta ce tunda aka haife ta, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ta ce in rera mata yadda na ji. Na rera, ta sa na sake.

Ku da kuka shigo bayana, abin da na koya ke nan: mutanenmu ba sa kawo muryarsu ta gaskiya gaban kowa. Kafin ku taɓa gen, ku duba wa ke tsaye a ɗakin. Ku bari ya fita, sannan ku auna.