Kwanduna Goma Sha Huɗu Don Shamuwa

Lahadi: Maijirgi zuwa Tasawa

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na ja ƙyauren ɗakina a Maijirgi, inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na hau amalanken wani mai kai itace kasuwar Tasawa. Shekarar fari ce, zamanin soja, lokacin da ko jaki sai an lallashe shi yake ɗaga ƙafa.

Saƙo ne ya tashe ni daga ƙauyenmu, arewa da Attantane. Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, shi ke riƙe da rumbun iri na dangi duka. Ya aiko cewa shamuwa ta iso, kullum sai ta yi shawagi bisa gari ta wuce, don an sassabe rassan itatuwa kaf an ba dabbobi. A wurinmu kuwa, garin da shamuwa ta ƙi yi wa sheƙa, an ce damina ma ta ƙi shi. Dattawa sun yanke magana: in aka sauko Juma'a ba ta zauna ba, a fasa rumbu, a cinye irin, kowa ya yi kudu. Da na ji haka sai na ɗaura niyyar zuwa.

Ni kuwa kallon tsuntsaye ne cutata tun ina ƙarami, har yanzu ana ce mini Mushe Tsuntsu, wato Malam Tsuntsu. Na san shamuwa tana karɓar kwando in an ɗaura mata a bisa. Da muka shiga Tasawa ƙarfe goma, na bi masu goro ina neman tsofaffin kwanduna, dala bibbiyu. Wata mai tattasai ta ce, "Mushe, albashin ne bai zo ba, ka koma tsintar shara?" Na ci gaba da cinikina. Kafin la'asar na tara goma sha huɗu, na kwana a zauren wani abokin aiki.

Litinin: Mayahi

Ƙarfe bakwai muka tashi a kamyon, babbar motar ƴan kasuwa, ni a can ƙoli rungume da kayana. Tafiyar kilo arba'in da ɗoriya ta cinye mana awa huɗu, don sau biyu muna sauka turi cikin rairayi. A shingen shiga Mayahi wani jandarma ya karɓi takarduna, ya ɗaga kai.

"Mi ke cikin kwandunan ga?"

"Ba komi, ranka ya daɗe."

"Ba komi? Ka biya wa iska kuɗin mota?"

Ya sa aka sauke su, ya zazzage ɗaya bayan ɗaya yana neman hatsi. Da na gaya mishi gaskiya sai ya daina zazzagewa. Can ya ce, "Tsohuwata ma tana aje wa shamuwa ɗaya bisa ɗaki." Shi da kanshi ya miƙo mini na ƙarshe. A kasuwa na ci kwaɗon tafasa na dala biyar, na kora da ruwa.

Talata: gida

Da hantsi na samu amalanken wasu ƴan Attantane, muka ƙetare Gulbin Kaba, busasshe ƙayau. Daga Attantane na ƙarasa a ƙasa, awa biyu, kwanduna a ka. Abin da ya fara dukana shirun garin ne. Ba carar zakara, ba daka, gawo da tsamiya duk sun zama gungume. Kawu Idi na zaune a gindin rumbu, ya rame har hularshi ta yi mishi yawa.

"Habu, kai ne da kayan ga? To, Allah ya sa ba wahalar banza ka sha ba."

"Kawu, ku dai ba ni zuwa Juma'a."

Laraba da Alhamis: ilimin lakwal

Bello, makiyayin da ya sare yawancin rassan don ceton shanunshi, shi ya ce zai hau. Na zaɓi itatuwan bakin busasshen tabki, nesa da gidaje, don a lissafina tsuntsu mai ƙwai ba ya son hayaniya. Muka ɗaure kwanduna tamau, muka shimfiɗa ƙirare a ciki. Har doka na kafa, kar wanda ya ɗaga murya a gari. Ni fa Mushe ne!

Kwana biyu ina kwance bayan wata sabara ina leƙe. Tsuntsayen su tara ne. Su zo, su zagaya, su yi gaba, ko kallon kwandunana ba su yi. Alhamis da yamma na ga Kawu ya jingina gatari a jikin rumbu. Na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Inna Rabi, matar Kawu, ta aje mini ƙwaryar dilo, ƴaƴan anzar da ake ci a yunwa, ta tsaya a kaina.

"Kai da karatunka, a ina ka taɓa ganin shamuwa ta yi gida a daji? Mutane take bi. Ta zo ta iske gari tsit, ba turmi, ba hayaƙi, ta ɗauka mun tashi. Kai kuma ka zo ka ƙara rufe muna baki!"

"To Inna, mi za a daka? Ba hatsi."

"Akwai ƙaiƙayi."

Juma'a

Ana sallame asuba ni da Bello muka kwance kwanduna, muka maido su bisa tsamiyar tsakiyar gari, inda mata ke sussuka a shekarun ƙoshi. Inna Rabi ta bi gida gida. Turmi goma sha ɗaya aka jera, aka zuba ƙaiƙayi, aka hura wuta a murahu ba tukunya. Matan da suka kwana da yunwa suka kama daka, har da luguden da na rabu da ji tun bara waccan. Dum, dum, dum, gari ya ɗauka.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, na duba agogo, tsuntsayen suka ɓullo daga kudu. Suka zagaya sau uku. Ɗaya ta sauke ƙafafu, ta dira a bakin kwandon da ya fi kowanne yagewa, ta leƙa ciki, ta gyara wani ƙirare da baki. Ta biyu ta bi ta. Inna Rabi ta rangaɗa guɗa ba ta saki taɓarya ba. Ni dai, ƙato da ni, kuka na yi, ban ɓoye ba.

Ko dakan ne ya sauko da su, ko kusancin gidaje, Allah masani, ban yi gardama da kowa ba. Da aka sauko masallaci liman ya yi shela, duk wanda ya taɓa ƙwai ko ya kai gatari tsamiyar nan, ya taɓa gari. Kawu Idi ya miƙe ya ce, "Ku kwaɓo laka." Da hannunshi ya ƙara liƙe bakin rumbun.

Komawa

Asabar na kamo hanya, na bar kwando shida kowanne da shamuwa a ciki. Litinin ƙarfe biyar na yamma na sauka Maijirgi, ƙafafu a kumbure, ina ta washe baki kamar wanda ya dawo daga Makka. Bayan kwana goma sha tara aka aiko mini cewa ruwa ya sauka, an yi shuka, ba gidan da ya tashi.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya maido ni. Bayan shi, sai matan garinmu, waɗanda suka yi kanta a hannu wajen dakan abin da ba a ci.