Hannun Nélida

Duk wanda ya yi kiwo a karkarar Curtina ya san akwatunan wutar shinge na Don Eleuterio Píriz. Tsoho ne mai gardamar tsiya, amma hannunsa na da albarka. Zai ɗauki batirin mota, wanda wutarsa ko kyanwa ba ta razanawa, ya haɗa shi da kwayil ɗin mataccen inji da 'yan tarkacen rediyo, sai ga wuta a wayar shinge mai sa bijimi ya tuna uwarsa.

Sai dai gwanintar ba a ƙarfin wutar take ba. Dole ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, tak, tak, don dabbar da ta taɓa wayar ta samu sararin janye jiki. In bugun ya yi sauri, ɗan maraƙi na iya maƙalewa ya mutu. In ya yi nawa, shanu su raina shingen. Shi kuwa Eleuterio bai taɓa sayen na'urar awo ba. Da ya gama haɗi sai ya ƙwala wa matarsa kira.

"Nélida! Kawo hannun nan."

"Da ka auri agogo ka huta," in ji ta, tana kakkaɓe garin fulawa.

"Agogon ne zai soya min fanken torta?"

Sai ya riƙe wuyan hannunta da hagu, ya yi ta murɗa ɗan sukuru da dama, har bugun akwatin ya zo daidai da bugun jijiyarta. Haka shingayen yankin nan suka yi shekara da shekaru suna bugawa da zuciyar mace ɗaya, masu su ba su sani ba.

Da Nélida ta rasu, ya daina haɗa sababbi. Tsofaffin kuma tsawa ta yi ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, makiyaya suna musanya su da na kanti. Saura guda, a gonar maƙwabcinsa Wilmar Techera. Kullum da yamma tsohon zai ɗauki shayinsa na ganyen mate, ya je ya zauna gindin turken da akwatin ke rataye. Abin da ya rage masa nata ke nan, kuma ya san haka.

"Don, ni ka zo gaisarwa ko turke?" Wilmar kan tsokane shi.

"Turken ya fi ka hankali, ba ya surutu."

Ranar da ake gudu ta zo da hadarin bazara. Wilmar ya shigo da akwatin a hammata, akwatin na ƙaurin ƙuna.

"Taimaka, Don, shanuna sun fara leƙen titi."

Gyaran wutar bai ba tsohon wahala ba. Kafin shayi ya huce, tartsatsi shuɗi na tsalle. Amma sashen da ke riƙe bugun ya ƙone ƙurmus, dole ya sa sabo. Ya ɗora yatsa kan sukuru, ya buɗe baki zai yi kira, sai ya rufe. Ya kama nasa hannun, ya ji jijiyar na gudu tana tuntuɓe. Wannan za ta kashe maraƙi.

Wilmar, wanda ashe ya daɗe da ganewa, ya naɗe hannun riga.

"Ga nawa, Don."

Tsohon ya riƙe, ya murɗa, hawaye na bin gemunsa. Akwatin ya kama tak, tak, lafiya lau.

"Ya yi kamar da?" Wilmar ya tambaya.

"Zai tare shanu," in ji Eleuterio.

Bai sake zuwa gindin turken ba.