Baturen Gona

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na sakandare a Birnin Kebbi, yayana ya dawo daga jami'a da digirin adabin Turanci da kwali cike da tsofaffin littattafai. Aiki bai samu ba, sai ya mai da ni ɗalibarsa ta dole. Bayan La'asar yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya karanta mini shafi guda, sannan ya fassara. Turancina a lokacin bai wuce na gaisuwa ba. Sau da yawa gyangyaɗi nake yi, sai na ji ya buga littafin a cinya in zabura in ce, "Ina ji, Yaya."

Ya fi son littattafan zamanin mulkin mallaka. Labarinsu kusan ɗaya ne: a tura wani Bature mai ilimi da ladabi ƙasar da ba tasa ba, ya je da niyyar gyara, ya tarar babu mai ce masa bari. A hankali ya koma azzalumi, daga ƙarshe hankalinsa ya gushe. Yayana yakan fusata kamar a gabansa ake yi. Yakan ce mini, "Kin gani? Mu suke kira dabbobi, ga wanda ya zama dabba nan."

Ana nan sai wani kamfanin noman shinkafa na 'yan ƙasar waje ya karɓi fadama mai faɗi a wani ƙauye bayan Argungu, bakin gulbi. Suna neman mai jin Turanci da Hausa da zai tsaya tsakaninsu da manoma, aka ɗauki yayana. Mahaifiyata ta yi murna amma ta ɗan yi jim. Ya ce mata, "Inna, gara ni da wani. In ina wurin ba mai taka talaka."

Da farko kuwa haka aka yi. Duk Juma'a yana gida, ya yi baƙi, ƙafa duk laka, yana ba mu labarin ajin yaƙi da jahilci da ya buɗe da rijiyar da ya sa aka gyara. Daga baya zuwan ya ragu. Masu kamfanin suna can nesa, ta waya kawai suke neman buhuna. Komai ya dawo hannunsa: gonar da za a sakar wa ruwa daga injin ban ruwa, wanda za a ɗauka aikin yanka, da wanda gonarsa za ta faɗa cikin shingen kamfani. Aka ba shi gida da mota da masu gadi.

Da hutu ya zo, mahaifiyata ta aike ni in dubo shi. Motar kamfani ta ɗauke ni daga tashar Argungu, na hakimce a baya ina jin kaina wata hajiya. Da muka isa na tarar da dattawa, sa'o'in mahaifinmu marigayi, tsugune cikin rana, takalmansu a gefe. Yayana na zaune kan kujera a baranda. Na ji suna raɗa suna kiransa Baturen gona.

Wani tsoho mai farin gemu ya matso ya ce, "Ranka shi daɗe, shinkahwata na mutuwa. An tare muna ruwa, ga ta ta ɗauki ciki. A taimaka."

Yayana bai dube shi ba. Ya juya wajen babban mai gadi ya ba da amsa da Turanci, shi kuma ya fassara wa tsohon: ruwan kamfani ne, sai gonar kamfani ta ƙoshi.

Bayan sun watse na ce, "Yaya, wanga tsoho hwa Hausa yake ji. Kai ma ita ka tashi da ita."

Ya ce, "Ba ki san mutanen nan ba. In ka sake musu fuska, gobe a kanka za su zauna."

Aka kawo mini soyayyen kifi, na ci, na dawo gida na ce wa mahaifiyata yana lafiya har ya yi ƙiba. Ban san yadda zan faɗi sauran ba.

Ba a daɗe ba labari ya zo. Ɗan da tsohon nan ya haifa, magidanci mai 'ya'ya ƙanana, ya ga shinkafar ubansa na ƙonewa, ya je ya fasa bakin hanyar ruwan da fartanya. Yayana ya ce wa masu gadi su koya masa hankali. Suka ɗaure shi suka yi ta duka. Kafin a kai shi asibiti a Argungu rai ya yi halinsa. Maganar ta je gaban hukuma, aka tsare masu gadin. Yayana kuma babu wanda ya yarda ya ba da shaida a kansa. Kamfanin ya ce bai taɓa sa kowa dukan kowa ba, ya sallame shi, ya kawo wani.

Ya dawo gida ya shige ɗaki. Da farko shiru ne kawai, muka ɗauka kunya ce. Sai ya daina shan ruwa, in an miƙa masa ya ce ba rabonsa ba ne. Wata safiya muka same shi ya buɗe famfon tsakar gida, ya tuntsurar da randuna, yana tsaye cikin ruwan yana ihu, "A sakar musu! Na ce a sakar musu!" Wani lokaci kuma ya miƙe ya yi ta ba da umarni da Turanci ga mutanen da ba ma gani. Mahaifiyata ta rame ta lalace. Aka yi addu'o'i, kawuna ya kai shi asibitin masu taɓin hankali, aka ɗora shi kan magani. Ihun ya tsaya, amma mutumin da ya dawo mana wani ne daban, mai nauyin jiki da nauyin baki.

Bayan an yi girbi, wata rana ɗan kabu-kabu ya sauke baƙo a ƙofar gidanmu da ɗan ƙullin shinkafa. Ina leƙawa na gane farin gemun. Kawuna ya shigo da shi, tsohon ya gaida mahaifiyata ya ce, "Hajiya, na ji ɗanki ba lahiya. Nawa ya tahi, ba ya dawowa. Na taho in ce mai na yahe, ko Allah shi sa shi samu barci."

Mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi. Yayana kuwa da ya ji muryar sai ya sa wa ɗakinsa sakata. Kawuna ya yi lallashi, ya ƙi buɗewa. Tsohon ya matsa jikin ƙofar ya maimaita maganarsa. Can muka ji muryar yayana ƙasa-ƙasa, da Hausa wannan karon: "Baba, don Allah kada ka yafe mini." Tsohon ya zauna nan har aka kira Azahar, ya yi salla, ya tafi ba su ga juna ba.

Yanzu ni ma adabi nake koyarwa a wata sakandare. Idan muka zo kan irin waɗannan littattafai, ɗalibaina sukan ce ai halin Turawa ne, mu ba haka muke ba. Nakan bar su su gama. Ni dai abin da na gani da idona shi ne, ba sai mutum ya haye teku ba. Ya isa a ajiye shi inda kowa ke tsoronsa, babu babba da zai tsawata masa, waɗanda suka ajiye shi kuma buhunansu kawai suke jira. Har yau in na wuce fadamar nan na ga shinkafar kamfani shar da ita, sai in kau da kai.

Yayana yana nan da rai. Yana zama a zauren kawuna, yana gaida duk mai wucewa gaisuwa mai tsawo. Idan na je, bayan mun gaisa yakan sunkuyar da kai ya tambaye ni ko tsohon nan yana nan, don yana so wata rana in ya ji ƙarfi ya je ya same shi. Tsohon ya daɗe da rasuwa. Nakan ce masa, "Yana nan, Yaya. Sai ka ji ƙarfi."