Sandunan Bahago

Ban taɓa mantawa da warin baƙin mai a kan jiƙaƙƙen yashi ba, ranar Asabar ɗin da Alhaji Mu'azu ya buga ƙwallo da hannun hagu. Har yau in na wuce ta gaban garejin kanikawa bayan an ɗauke ruwa, sai in ji kamar ina tsaye a bakin rami na tara, rungume da rajista a ƙirjina.

Shekarar 1999 ce, watana biyar da kama aiki a kulob ɗin golf, wasan nan da ake ce wa ƙwallon lambu a rediyo. Na gama difloma a aikin sakatariya aka ɗauke ni ƙaramar akawu. Mahaifina bai yarda ba sai da sharaɗi biyu: ba ni ba ɗakin shaƙatawar 'yan kulob, kuma la'asar ta same ni a gida, a Kambarawa. Don haka aka haɗa ni da tafireta da makullin ɗakin ajiyar jakunkuna.

Bari in yi wa waɗanda ba su san aikin ba bayani. Kowane ɗan kulob yana da jakar sandunansa, kowace jaka tana da gurbinta a kanta, da lamba, da kati mai sunan mai ita. Duk jakar da za ta fita sai an sa hannu a rajista, haka in ta dawo. Filinmu kuwa ba shi da koriyar ciyawa a bakin ramuka irin wadda ake gani a talabijin, ruwan ba zai isa ba. Da'ira ake yi ta yashi mai laushi, a cuɗa shi da baƙin man mota don kada iska ta kwashe shi. 'Yan wasa na ce mata burawun. A tsakiya akwai rami da aka dasa wa gwangwani. Kafin mutum ya tura ƙwallonsa, Malam Tanko mai kula da fili zai ja wani ƙarfe mai faɗi daga ƙwallon zuwa ramin, ya share mata hanya sumul.

Alhaji Mu'azu tsohon safiyo ne, mai auna filaye, ya yi ritaya tun ina firamare, gidansa na Ƙofar Sauri. Ya haura saba'in. Sauran mutane na fita da sanduna fiye da goma, shi huɗu yake ɗauka a wata siririyar jaka. Babbar sandar nan mai ƙaton kai da ake cilla ƙwallo nesa da ita ya daɗe da ajiye ta, kafaɗarsa ba ta yarda. Abin da ya rage masa shi ne wasan kusa, wato daga taku talatin ko ashirin zuwa ramin: sandar ɗagawa mai kwantacciyar fuska, wadda ke ɗaga ƙwallo ta sauke ta a yashi, da sandar turawa wadda ke gangarar da ita.

"Ɗiyata," yakan ce mini, "yaran nan suna dukan ƙwallo kamar ta zagi iyayensu. Su riga ni zuwa bakin yashi, ni in riga su shiga rami."

Kowace Alhamis, bayan ya maido jakarsa, sai ya nemi in sauko masa da ta gurbi na goma sha huɗu. Jan fata ce, katinta ya koɗe, an rubuta Dakta Isiyaku. Zai zauna a benci ya zaro sandunan ɗaya bayan ɗaya, ya goge su da tsumma, ya shafa wa fatar mariƙinsu ɗan mai, ya mayar. Bai taɓa fita da ita ƙofa ba. Malam Tanko ne ya faɗa mini cewa Dakta abokin Alhaji ne tun na ƙuruciya, kuma ya bar ƙasar a lokacin soja saboda wasu rubuce-rubuce da ya yi a jarida. Shi ma Tanko bai taɓa ganinsa ba, bayan tafiyarsa aka ɗauke shi aiki.

Ni a lokacin mai yawan tunani ce. In ɗakin ya yi shiru nakan dubi jakunkunan a jere in ga kamar mutane ne a tasha, kowa yana jiran motarsa. Ta goma sha huɗu ta fi kowa daɗewa a zaune.

Da aka miƙa mulki ga farar hula a ƙarshen Mayu, kulob ɗin ya canza fuska. Hafsoshin da suka cika wurin aka yi ta yi musu canjin wurin aiki, wasu suka yi ritaya. Sababbin mutane suka shigo, 'yan siyasa da 'yan kwangila, kowa da sabuwar jaka mai ƙamshin kanti. Aka zaɓi Injiniya Kabir ya zama kyaftin. Wannan ba muƙamin soja ba ne, sunan shugaban 'yan wasa ke nan a kowane kulob. Mutum ne mai tsari, ba mugu ba, sai dai ba ya son ganin abu a zaune ba ya aiki. Gurabe suka yi kaɗan, sai kwamiti ya fitar da doka: duk jakar da ta shekara ba a yi wasa da ita ba, a mayar wa iyalan mai ita, a ba wani gurbin. Aka ce in duba rajista in buga jerin sunayen.

Jaka tara na samu. Na buga takwas.

Washegari Injiniya ya shigo da takardar a hannu. Bayan mun gaisa ya tsaya gaban kantar yana ƙirgawa da biro.

"Malama Rabi, tafiretarki ba ta da lamba ɗaya da huɗu ne?"

"Tana da su, ranka ya daɗe."

"To ina goma sha huɗu?"

Na ce ana taɓa ta kowane mako. Ya ce gogewa ba wasa ba ce, kuma akawu ba ya zaɓen wanda doka za ta hau. Ya ce in sake bugawa, in kuma sani cewa in aka ƙara samun irin wannan zai rubuta wa sakatare. Kunya ta rufe ni, don gaskiyarsa ce. Muna cikin haka Alhaji Mu'azu ya yi sallama.

Injiniya ya rusuna ya gaishe shi, ya yi masa bayani da ladabi. Ya ce, "Baba, ka tafi da ita gida mana. Ai a wurinka ta fi samun kulawa."

Alhaji ya ce, "In na kai ta gida, na yarda ke nan ba zai dawo ba. Ga shi an ce kowa ya dawo. In ya sauka ya zo nan ya tarar da sunan wani a gurbinsa, me zan ce masa?"

"Doka ta ce sai an yi wasa da ita."

"To zan yi."

Injiniya ya zaro sanda ɗaya ya juya ta, sai ya yi dariya. Ya nuna mini fuskarta. Ashe duk sandunan na bahago ne, fuskarsu na kallon ɗaya ɓangaren. Mai bugu da dama ba zai iya amfani da su ba sai ya juya tsayuwarsa gaba ɗaya, ya sake koyon komai.

"Baba, shekara nawa kana bugu da dama? Da wannan sai dai ka kashe mana ƙadangaru."

"Su ƙadangarun ka tambaye su sun kawo ƙara?"

Nan dai suka yi yarjejeniya, rabi wasa rabi gaske. Asabar ta mako biyu masu zuwa, a rami na tara, daga taku ashirin a wajen yashi, Alhaji zai shigar da ƙwallo cikin bugu uku da sandunan Dakta. In ya yi, a rubuta cewa jakar tana wasa. In bai yi ba, ta bar kanta.

Tun daga ranar nake zuwa ƙarfe bakwai maimakon takwas, in buɗe wa Alhaji ɗakin kafin kowa ya iso. Ya ce ba ya son a gan shi yana tuntuɓe. Nakan tsaya a inuwar wata bishiyar darbejiya in kalle shi. Ya haɗe ƙafafunsa kusa da juna, ya sauko da riƙonsa ƙasa a mariƙin, ya jingina nauyinsa a ƙafar gaba. Ya ce mini a wasan kusa ba a ɗaga kai a bi ƙwallo da ido, kunne ake bari ya kawo labari. Kwana uku na farko ƙwallon ta yi ta tafiya inda ta ga dama. Daga rana ta huɗu na ga wani abu da ban iya fassarawa ba. Da sandunansa na dama Alhaji yakan ɗaure fuska, kamar mai cika fom. Da waɗannan kuwa kafaɗunsa suka saki. Wata safiya har na ji yana ɗan waƙe-waƙe a maƙoshi, da ya lura ina kusa ya mai da shi tari.

Na ce, "Baba, kamar hannun ya fara sabawa."

Ya dubi tafin hagunsa ya ɗan jima. Ya ce, "Je ki buɗe ofishinki, ɗiyata."

Ranar Asabar aka yi ruwa da asuba. Wannan ba alheri ba ne ga mai wasan kusa, don yashi yakan yi nauyi, man ya taso sama, ƙwallo ta riƙa tsayawa tun ba ta isa ba. Warin ya cika wurin. Mutane kamar goma suka taru, har da sababbin shiga da ba su san kan zancen ba. Injiniya ya auna taku ashirin da kansa, na lura takun nasa gajeru ne.

Alhaji ya yi bugun farko. Sandar ta ci ƙasa, ƙwallon ta ɗan yi tsalle ta faɗi a gefen yashin, nesa da ramin. Wani ya yi ƙaramar dariya. Injiniya ya juya yana kallon bishiyoyi.

Malam Tanko ya ja ƙarfensa a hankali, ya share hanya doguwa. Alhaji ya karɓi sandar turawa. Wannan karon ya yi ƙarfi da yawa, ƙwallon ta lashi bakin ramin ta wuce da taku biyu. Na ji rajistar tana zamewa daga hannuna saboda gumi.

Tanko ya sake share hanya daga ɗaya gefen. Alhaji ya tsaya a kan ƙwallon, ya daɗe, har na ji kukan kurciya daga bayan katanga. Ya tura. Bai ɗaga kai ba. Mu muka ga tafiyarta, shi sai dai ya ji ƙarar gwangwani, ƙwal, 'yar ƙara kamar an ajiye cokali a kofi.

Aka tafa. Injiniya ya zo ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana cewa, "Baba, ka rufe mini baki." Alhaji bai yi murmushi ba. Ya goge fuskar sandar da bakin rigarsa, ya ce a hankali, kamar ba da mu yake ba, "Ashe haka take."

A nan tsaye Injiniya ya ce in buɗe rajista. Na rubuta: gurbi na goma sha huɗu, ta fita, ta yi wasa, ta dawo. Ya sa hannu a ƙasa.

Dakta Isiyaku bai dawo ba. Kowace Alhamis Alhaji yakan ce mini an ce sai bayan salla, an ce sai ya gama ganin likita. Shekara na zagayowa aka aiko cewa ya rasu a can, Allah ya jiƙansa. Na zaci shi ke nan za a sauke jakar. Mako guda bayan addu'ar bakwai Alhaji ya zo ya sa hannu ya fita da ita. Bai ƙara taɓa sandunansa na dama ba har gwiwa ta zaunar da shi a gida.

Ku da kuka zo bayana a wannan aiki, abin da na ɗauka daga wannan shi ne: doka a bi ta, kada a tsallake layi a ɓoye kamar yadda na yi. Amma kafin ku cire kati daga kanta, ku tambayi wanda ke zuwa yana goge ƙurar. A ɗakin nan ba sanduna kaɗai muke ajiyewa ba.

Shekara shida bayan wannan Asabar, Alhaji ma ya rasu. Ba da daɗewa ba wata mata ta zo ofis, ta ce ita ce Hajiya Binta, babbar ɗiyar Dakta, ta zo karɓar jakar. Ina sauko da ita na ce ai mun sha labarin mahaifinta bahago.

Ta dube ni. Ta ce, "Babanmu ba bahago ba ne. Tasa jakar tana gidana, sandunanta duk na dama ne."

Ta zauna a bencin nan ta ba ni labari. Alhaji Mu'azu ne aka haifa bahago. Yana ƙarami aka riƙa ɗaure masa hannun da zane a lokacin cin abinci da rubutu, har ya koma dama, kuma duk Ƙofar Sauri abokinsa ne kaɗai bai manta ba. Dakta ya sayo masa sandunan a wata tafiya, shekara guda kafin ya bar ƙasar. Alhaji ya ƙi karɓa, ya ce ba za a ce masa bahago da furfurarsa ba. Shi ne Dakta ya kawo su nan, ya sa sunansa a katin, ya ce masa su zauna, ranar da ya shirya suna nan.